Buta Huɗu a Watan Agusta

Shekara tara Warsinah tana riga ladan tashi, ta hura wuta, ta ɗora butar ƙarfe, ta surka wa mahaifiyarta ruwan wanka, ba wanda ya taɓa yanka ko ɗan tsako saboda ita. Ranar da ƙaninta Darmuji ya dawo daga Johor ta ƙasar Malesiya ya buɗe baki ya ce zai sa wa tsohuwa hita mai ɗumama ruwan famfo, kaji uku aka yanka. Aka dafa shinkafa mai kurkum aka tula a faifai, aka kira liman ya yi addu'a, maƙwabta suka cika tabarma suna amin. Hitar ma ba a sayo ta ba tukuna, labarinta kawai ake ci. Warsinah ce ta fige kajin.

Ta san ƙaninta sarai. Tun yana yaro in aka aike shi ɗebo ruwa, rabin bokiti yake kawowa da cikakken bayani. Shekara goma sha ɗaya ya yi a masana'antar safar hannu a Malesiya, ya dawo da tumbi, da agogo mai faɗin murfin kofi, da sabuwar al'ada ta fara kowace magana da "a can". A can ba a yin haka. A can an wuce nan. Mutanen ƙauyen nan na kan tudun Dieng, waɗanda duniyarsu ba ta wuce dankalin turawa da hazo ba, suka dinga gyaɗa masa kai kamar ƙadangaru. Su da ma haka suke, duk wanda ya hau jirgin sama ya sauko ya zama malami.

Sai da baƙi suka watse, tana wanke-wanke a madafa, ya zo ya tsaya a kanta ya zayyana mata abin da ke cikinsa.

"Mbak, yayata, ki saurare ni da kyau. Masaukin da ke bakin masallaci ɗaki uku ne kacal, amma duk Asabar a cike yake da 'yan birni masu zuwa kallon fitowar rana. Mu ɗaki huɗu za mu fitar, kowanne da banɗakinsa da ruwan zafi. Mbok, tsohuwarmu, ta koma can baya, in gina mata ɗaki da nata banɗakin. Famfo kawai za ta murɗa, ruwa ya zo da zafinsa. Kin huta."

Warsinah ta ƙirga ɗakunan gidan a ranta, ba su da wuyar ƙirgawa.

"Huɗu ka ce? Har da nawa ke nan."

"Ai kina da gidanki a unguwar ƙasa. Tun rasuwar mijinki yake a kulle, ɓeraye kawai ke morarsa."

"Ato. Wato ni da butar ƙarfe rana ɗaya za a sallame mu."

"Kin ji ki! Ni hutu nake nema miki."

"Allah ya saka da alheri. Tun da nake ban taɓa ganin hutun da ake ɗaure wa mutum kaya a ba shi ba."

Mbok Rubiyem, tsohuwar tasu, tana zaune a gefen murhu tana gasa gwiwoyinta, ta ji komai. Ta haura tamanin, idonta ya dushe, sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu. Warsinah ta jira ta ce wani abu. Abin da ta ce shi ne, "Ku dai ku daidaita." Ɗa namiji ya yi magana, to me ya rage? Wannan ne ya fi yi wa Warsinah ciwo, ta kuwa haɗiye shi ba ta nuna ba.

Akwai abin da ita kaɗai ta sani a gidan nan, ba kuma a makaranta ta koyo shi ba. Ruwansu daga idon ruwa yake gangarowa, can saman gonaki, ya faɗa tanki. Da damina buta biyu ta tafasasshen ruwa ke isar bahon wankan tsohuwa. In ruwan sama ya ɗauke sai an ƙara ta uku. A watan Agusta kuwa, lokacin da raɓa ke daskarewa a kan ganyen dankali ta ƙone shi, ruwan yakan zo kamar zai yanke yatsa, sai buta huɗu cif, ko ɗaya ta ragu tsohuwa za ta wuni tana ƙugi da gwiwa. Da gwiwar hannu take gwada shi. A shekara tara ba ta taɓa miƙa wa uwarta ruwan da ta ce a ƙara ko a rage ba.

An gama gini a watan Fabrairu, ana tsaka da damina. Darmuji ya ɗauko wani mai aikin famfo daga cikin garin Wonosobo, Pak Kasmuri, siririn dattijo mai ƙarancin magana. Ya iso a babur da bokiti rataye a baya, abin da ya ba Darmuji dariya.

"Pak, ai muna da bokitai a gidan nan."

"Nawa na san cikinsa," in ji dattijon. "Lita goma ne, ba ya mini ƙarya."

Ya tara bokitin a famfo, ya duba agogon wayarsa har ya cika. Ya yi haka a banɗaki biyar ɗin nan duka. Sai ya sa aka buɗe famfunan gaba ɗaya ya sake tarawa, ya tsoma ɗan ma'aunin zafi a ruwan, ya rubuta wani abu a bayan kwalin taba. Ya auna nisan bututu daga madafa zuwa ɗakin tsohuwa da takun ƙafa, taku goma sha shida ta bayan bango, a fili. Darmuji yana biye da shi yana ƙaiƙayin baki.

"Pak, kada ka wahalar da kanka. A can, wani ɗan akwati ne kamar kwalin takalmi a banɗakinmu, mu goma sha biyu yake isa. Irinsa nake so."

"Na lantarki ke nan. In ka kunna shi a gidan nan mita zai faɗi kafin ka jiƙa kai. Na gas za a sa."

"To na gas ɗin, ƙaramin, mai lita shida. Na gan shi a kanti."

Pak Kasmuri ya zauna a kan bokitinsa ya dube shi.

"Ku goma sha biyun nan, tare kuke shiga wanka?"

"Haba Pak! Layi muke bi."

"To ka ga famfo ɗaya ke nan. Ruwan Johor kuma daga tanki yake saukowa rana ta riga ta gasa shi, ɗan tsikari kawai yake bukata. Wannan abin ba tanki ba ne, ba ya ajiye ruwa. Ruwa wucewa yake ta kan wuta. In ya zo da yawa, ko ya zo da sanyi ƙwarai, bai gama ɗaukar zafi ba ya wuce abinsa. Abu biyu nake so in sani kafin in ce ga girman da ya dace. Famfo nawa za a buɗe a lokaci guda? Sannan ruwan nan, yaya yake a watan da ya fi sanyi? Yau na auna, amma yau damina ce. Ni daga can ƙasan tudu nake, ban san ruwan tudun nan ba."

"Kusan haka yake duk shekara," in ji Darmuji, wanda rabonsa da ganin Agustan ƙauyen nan shekara goma sha ɗaya. "Baƙi kuma ba sa wanka lokaci ɗaya. Kowa da lokacinsa."

Dattijon bai ce masa ƙarya kake ba. Ya dai waiwaya ya hango Warsinah a bakin madafa tana ɓare tafarnuwa, tsohuwa na zaune kusa da ita. Ya dubi hannunta mai tabon ƙuna, ya dubi baƙar butar da ke kan murhu.

"Mbak, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke ce mai dafa ruwa a gidan nan ko? A watan sanyi, tafasasshe nawa kike zubawa a baho ɗaya?"

Amsar tana kan harshenta. Huɗu. Ta kuma san duk baƙon da ya kwana a ƙauyen nan tun kafin asuba yake tashi don kada fitowar rana ta wuce shi, duk a tare suke buɗe famfo, daidai lokacin da tsohuwa ke alwala. Da ta faɗa, da dattijon nan ya rubuta a kwalin tabarsa, da an sa abin da ya dace, da abin ya yi aiki lafiya lau har abada. Ita kuma da ta gama amfani a gidan ubanta da bakinta. Ta dubi Darmuji ya harɗe hannu a kan tumbi yana murmushin wanda ya san komai. Ta ji wani raini ya taso mata har wuya.

"Ni me na sani, Pak? Ni 'yar hura wuta ce. Tambayi wanda ya je can."

Pak Kasmuri ya ɗan daɗe yana kallonta. Ya juya ga Darmuji ya ce in shawararsa za a bi, a sa babba mai lita goma ko fiye don baƙi, a sa ƙarami daban a jikin bangon tsohuwa, kowa da tukunyar gas ɗinsa.

"Ka ji 'yan kasuwa!" in ji Darmuji yana dariya. "Ka zo sayar da guda, kana neman ka sayar da biyu. Sa mini mai lita shidan, Pak. In bai yi ba, ni ne."

"Kai ne kuwa," in ji dattijon, ya ɗauki bokitinsa.

Ranar da aka kunna hitar rabin unguwa ya zo kallo. Aka murɗa famfo ɗaya, abin ya yi 'yar ƙara, wuta ta kama shuɗiya, tururi ya tashi. Mata suka dinga sa hannu suna janyewa suna salati, sai ka ce ba su taɓa ganin ruwan zafi ba tun da aka haife su. Aka riƙo tsohuwa aka kai ta, ta taɓa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Le, ɗana." Ɗanta ya kusa fashewa. Da la'asar Warsinah ta ɗaure kayanta a zannuwa biyu ta gangara unguwar ƙasa. Butar ma Darmuji bai bari ta tafi da ita ba. Ya ce 'yan birni suna son kayan da, ya sa aka goge ta da toka, ya cusa mata furen roba, ya ɗora a kan teburin falo don baƙi su riƙa ɗaukar hoto.

Ta share gidanta, ta kori ɓerayen, ta shiga aikin cire dankali a gonakin mutane. Duk Juma'a takan hau ta gaida tsohuwa, ta zauna a baranda kamar baƙuwa, a kawo mata shayi. "Yaya ruwan, Mbok?" "Lafiya lau, da zafinsa." To madalla. Ita ba sauri take ba, ta san wata nawa ya rage.

Da Yuli ya kama, sama ta washe, dare ya fara cizo, sai ta daina hawa gaba ɗaya. So take a zo a same ta. Ta tsara abin a ranta har ta haddace: Darmuji zai tsaya a ƙofarta yana sosa ƙeya, ita kuma za ta bar shi a tsaye har ta gama tankaɗe. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mako uku ba ta leƙa ba. Tana jin daɗin sanyin nan kamar ita ta aiko shi, duk asubar da ta ga gonaki sun yi fari fat sai ta ji abinci ya fi mata daɗi.

Ba wanda ya zo. Mai kawo tukunyar gas a babur ne ya tsaya a ƙofarta ranar wata Lahadi yana dariya.

"Mbak, kina nan ana biki a gidanku! Wata baƙuwa 'yar birnin Jakarta ta fito da kumfa a ka tana zage-zage, wai an sayar mata da ƙanƙara. Mijinta ya ce sai ya rubuta a waya duniya ta gani."

Ta yafa gyale ko ƙofa ba ta tsaya kullewa ba. Tudun da take hawa da nishi, ranar nan ba ta san ta hau shi ba.

Ta tarar da motar baƙi tana fita, Darmuji na tsaye a tsakar gida da sukurdireba a hannu, ya kwance murfin hitar yana leƙen cikinta kamar zai ga wani ya ɓuya a ciki. Ya rame, tumbin ya sauka.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji Warsinah. "Yaya, a can ma haka take yi?"

"Mbak, don Allah ba yanzu ba."

"A'a, tambaya nake. Mu jahilai ai da tambaya muke ƙaruwa."

"Gas ɗin ne ba shi da kyau. Ko kuma tsohon nan ne ya sa mini jabu. In famfo ɗaya ne takan ɗan yi ɗumi, da an buɗe na biyu sai ta mutu."

"Ikon Allah. Ku goma sha biyu fa ta isa."

Ya koma leƙen hitar, kunnuwansa sun yi ja. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta sha daɗinta har ƙasa, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce, "Mbok fa?"

"Mbok lafiyarta ƙalau. Ita ba ta taɓa kuka da ruwan ba. Kullum na tambaya sai ta ce da zafinsa."

A nan ne wani abu ya ɗan taɓa ta, amma ba ta tsaya ta saurare shi ba. Ta zagaya baya, taku goma sha shida a gefen bututun da ke kwance tsirara a jikin bango. Ta tura ƙofar.

Warin ɗakin ne ya fara tarbarta, warin tsufa da ba ta taɓa ji a jikin uwarta ba. Tsohuwa na zaune a bakin gado cikin bargo biyu, ta ƙanƙance.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Mbok."

"Nduk, 'yata. Kin zo." Ta lalubo hannunta ta riƙe. Yatsunta sun kumbura, sun yi sanyi.

"Yaya ruwan?"

"Lafiya lau. Da zafinsa."

Warsinah ta shiga banɗakin ta murɗa famfo ta tara gwiwar hannu. Rana ta take, ba baƙo ko ɗaya a gidan, amma ta jira har ta gaji ruwan bai wuce ɗumin shayin da aka manta ba. Da asuba kuwa ba sai an gaya mata ba. Daɓen banɗakin a bushe yake, sabulu ya tsage don rashin taɓawa. Da ta fito sai idonta ya sauka a bango, daidai kan gadon. Sabon farin fenti ne, amma wuri ɗaya ya yi duhu, ya yi santsi, faɗin tafin hannu biyu. Ta daɗe tana kallon wurin kafin ta yarda da abin da take gani. Matar da ko tana kwance da zazzaɓi ba a taɓa jin ta bar alwala ba, taimama take yi a bangon ɗakinta.

"Tun yaushe, Mbok?"

Tsohuwa ta ja bargo ta ƙara rufe ƙafafunta.

"Tun yaushe nake tambaya!"

"Kada ki ɗaga murya, zai ji. Yaron nan duk abin da ya tara ya zuba a gidan nan. Baƙi na zaginsa, ni ma in ƙara masa? Da rana nakan ɗan goge jikina. Ƙafafun ne ba na iya kaiwa."

Warsinah ta durƙusa ta yaye bargon. Dugadugan sun tsattsage, faratan sun yi baƙi. Ta buɗe baki za ta sauke wa Darmuji duk abin da ta tanada, sakarai, mai kan kwakwa, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Tsohuwa ta riga ta.

"Ranar da mutumin nan mai bokiti ya zo, ina zaune kusa da ke."

Warsinah ba ta ɗago ba.

"Ni ban taɓa sanin buta nawa ba ne. Ruwa dai yake zuwa mini daidai, ban taɓa tambaya ba. Darmuji kuma bai sani ba, shi da ma bai taɓa sanin komai ba, haka Allah ya yi shi. Da mutumin ya tambaye ki sai na ce a raina, to alhamdulillahi, an zo wurin mai sani. Ko me ke tsakaninta da ƙaninta, ba za ta bar ni a ruwan sanyi ba."

Ba faɗa a muryarta. Da ma ta yi faɗan, da Warsinah ta sami abin mayarwa, ta ce ke fa, da aka ɗaure mini kaya me kika ce? Maganar tana nan, gaskiya ce kuma, amma ta ƙi fitowa. Wata shida tana raina mutanen ƙauye, tana raina ƙaninta da agogonsa, ashe duk asubar da ta ga gonaki sun yi fari ta ji daɗi, uwarta na nan tana shafa bango. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Ta miƙe ta nufi falo. Ta fizge furen robar daga bakin butar ta watsar a ƙasa. Darmuji ya biyo ta yana "Mbak, wannan ai ado ne," ta juyo ta dube shi sau ɗaya, ya ja baya. Murhun icen an rushe shi, sai a kan na gas ta ɗora. Ta tafasa ta juye, ta tafasa ta juye, har sau huɗu, ta tsoma gwiwar hannu. Ta wanke tsohuwa tun daga ka har tafin ƙafa, ta cuɗa mata baya, ta yanke mata farce, ta shafe dugadugan da man kwakwa. Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya. Da ta yi alwala ta tayar da azahar, Warsinah ta fita waje ta tsaya.

Hanya a buɗe take yanzu, ta gan ta sarai. Ta yi shiru kawai, ta ci gaba da hawowa kullum da butarta. Cikin mako guda Darmuji da kansa zai share mata ɗaki, hitarsa ta zama abin rataye tawul, ƙauye duka ya san wa ke riƙe da gidan nan. Abin da ta yi wata shida tana jira ke nan. Sai dai ita ma ta ba hamsin baya, gwiwarta ta fara magana. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita fa? Ranar da aka yi mata rasuwa a dangin miji ta kwana uku? Bangon nan yana nan yana jira.

"Ba ni lambar Pak Kasmuri," ta ce wa Darmuji.

"Wannan macucin? Ai shi ya..."

"Ba ni, kafin in gaya maka abin da uwarka take yi da bangonta."

Dattijon ya ɗauka a bugu na uku. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Pak, ni ce 'yar hura wutar nan ta kan tudu. Huɗu ne. Biyu da damina, huɗu a Agusta, butar lita biyar, baho ɗaya. Famfo kuma duka biyar ɗin, lokaci guda, kafin asuba."

Ta ji kamar yana rubutu.

"Na san kin sani, Mbak," in ji shi. "Jibi ina tafe."

Ya zo da babba don baƙi, da ƙarami da ya kafa a bayan bangon tsohuwa daga waje, bututun bai kai kamu uku ba. Ya tara bokitinsa, ya duba agogo, ya kira Warsinah ta sa gwiwar hannu. Ta so ta sami abin kushewa, ta nema ta rasa. Ruwan daidai yake, kamar ita ta surka.

Da Juma'a ta zagayo an sake yanka kaza. Darmuji, tumbinsa ya fara dawowa, yana gaya wa liman cewa shi tun farko ya san biyu ake bukata, a can ma haka ake yi, gwaji ne kawai ya fara da guda. Ƙadangarun suka gyaɗa kai. Tsohuwa na zaune fes a cikin mata, tana ƙamshin sabulu, tana cewa ɗanta ya hutar da ita, ko tsakar rana ta so ruwan zafi sai ta murɗa. Ta laluba gefenta ta dafa gwiwar Warsinah ta ɗan matsa, amma bakinta bai ƙara komai a kan haka ba.

Warsinah ta wanke kwanukan, ta kife su. Ba wanda ya ce ta tafi, ba kuma wanda ya ce ta kwana, ɗakunan huɗu duk da baƙi a ciki. Da za ta fita ta bi ta falo. An sake goge butar an mayar mata da furenta, wasu 'yan mata biyu 'yan birni sun sa ta a tsakiya suna ɗaukar hoto. Ɗaya ta ɗago ta ga wata dattijuwa da gyale tsaye tana kallonsu.

"Bu, don Allah, da wannan me ake yi da ita?"

"Ruwa ake dafawa," in ji Warsinah.

Ta gyara gyalenta ta kama hanyar unguwar ƙasa tun da sauran haske.